Rabon Mairam a Datsin Kanya Biyu

Shekara biyu a jere kogin Haɗejiya bai cika ba. A ta farko ya leƙo fadama ya koma. A ta biyu sai da damina ta yi nisa sannan ya turo ɗan ruwa ta reshen da ke ratsa gonakin Kanya Biyu, wani ƙauyen manoman shinkafa da ke gabas da birni. Sama kuwa ruwa uku ta yi aka yi shuka, daga nan ta ɗauke.

Da Bulama Tukur, mai garin, ya ga yadda ruwan yake tafe a raunane, sai ya tara magidanta a gindin kanya, aka yanke shawara a datse reshen, ruwan ya tsaya ya bazu cikin shinkafarsu. Kowa ya san reshen nan bai ƙare a Kanya Biyu ba, yana wucewa har Ariri, garin Barebari da ke ƙasa da su tafiyar rabin wuni. Amma ran nan ba wanda ya ambaci Ariri.

Aka raba aikin yadda ake raba gyaran ganuwa. Kowane gida gaba uku, a kafa turke a farko, a kafa wani a ƙarshe. Bulama ya ɗora doka a kai, ya ce rabon mutum nasa ne, shi zai gina, shi zai toshe in ya tsage, kuma ba mai sa hannu a rabon wani. Ya yi haka ne don kada malalata su jingina da masu ƙoƙari.

Mairam ba ta cikin magidanta, amma tana da gida. Mijinta Bakari ya tafi yaƙi shekara huɗu da suka wuce, garkuwarsa kaɗai aka dawo da ita. Ya bar ta da 'ya'ya mata biyu da uwarsa Barira, tsohuwar da idonta ya rufe amma bakinta bai rufe ba. Ya kuma bar mata gona a can gefen fadama wajen tudu, inda ruwa ke isa a ƙarshe, kuma daga nan yake fara janyewa. Irin shinkafar da ta watsa a gonar bana shi ne na ƙarshe a gidan. Ta ɓoye shi a tulu duk tsawon rani, yara na kuka tana jin su, ba ta buɗe ba.

Da aka ce a ɗauke wa gidan marayu aikin datsi, sai Mairam ta aika wa Bulama cewa ita ba ta roƙi kowa sauƙi ba. A ba ta tsakiya, daidai maƙogwaron reshen, inda maza ke ta tura wa juna. Aka yi dariya aka ba ta. Ta kafa itacen goruba, ta jingina zana, ta kwaɓa laka da ciyawa, ta riƙa zubawa tana bugawa da madaɓi kamar mai daɓen ɗakin amarya. Da ruwa ya taru, rabon kowa sai da ya yi tsattsafo, wani ma har da 'yar ƙorama. Nata ko damshi bai nuna ba. In ta bi ta kan datsin, ba ta gaishe da kowa sai an fara gaishe ta.

Ita 'yar malami ce. Mahaifinta bai sami ɗa namiji ba, sai ya zaunar da ita gabansa, ta sauke Alƙur'ani, ta shiga littattafan fiƙihu. Amma tun ranar da aka kawo garkuwar nan ta rataye gafakar littattafan a bango ba ta sake taɓawa ba. Salla tana yi, sai dai kamar mai sauke kaya. Ba ta taɓa furta wa kowa ba, amma a ranta fushi take yi da Ubangijinta, kuma abin da ta dogara da shi hannunta ne.

Datsi ya riƙe shinkafa, amma bai sa sama ta yi ruwa ba. Gero ya ƙone a tudu, awaki suka fara faɗuwa, ruwan da aka tare ma kullum sai ya ɗan ja baya. Liman Usman ya sa aka yi shela za a fita roƙon ruwa. Kafin nan, in ji shi, a yi azumin kwana uku, a yi sadaka, kuma duk wanda ke riƙe da haƙƙin wani ya mayar.

Kanya Biyu ta ɗauki maganar da gaske. Aka ga turmin da aka ara tun bikin bara yana komawa gidansu a ka. Wata ta mayar da allura. Wani ya kai kaza gidan maƙwabcinsa, ya ce jikar wadda ta shigo gidansa ce shekara uku da suka wuce. Mata na shiga gida gida suna cewa a yafe musu, ana yafewa kafin su gama faɗa. Mairam ma ta mayar da wani maburgi, ta ji ta sauke nata.

Rana ta uku da hantsi ta je duba rabonta kamar yadda ta saba. A bayan datsin, ɓangaren da reshen ya bushe, ta tarar da matan Ariri a tsugune da tuluna, suna tara ruwan da ke tsattsafowa da 'yan ƙoƙuna. Cikinsu akwai Hajja, wata dattijuwa da ta daɗe tana kawo mata gishirin manda ta karɓi shinkafa. Mairam ta gangara ta gaishe ta.

"Ya Hajja, kin same mu cikin neman gafara. Abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini."

Hajja ba ta ɗago ba. Ta juye ƙoƙon a tulu tukuna.

"'Yar Afuno," ta ce, yadda Barebari ke kiran Hausawa, "wanne ne naki a nan?"

Mairam ta nuna mata daga turke zuwa turke, har da ɗan murmushi.

"Na yi zato," in ji Hajja. "Kin ga wannan da nake tsugune gindinsa? Na wani rago ne, Allah ya yi masa albarka, shi muke sha. Wancan ma na wani mashiririci ne, shi ma Allah ya saka masa. Naki kuwa kullum na zo sai na shafa shi, ko gumi ba ya yi."

"Aiki aka ba ni, na yi shi."

"Kin yi kam. Shinkafarmu ta mutu tun tana tsawon yatsa, wannan ban ce komai ba. Rijiya ta koma laka. Tun tsayuwar watan nan yara huɗu muka kai kushewa, duk ciwon ciki, daga ruwan kududdufi. Ɗaya jikata ce." Ta sake miƙa ƙoƙon gindin laka. "Ban yafe ba. Je ki tambayi wata."

Kwana uku ana yawon neman gafara a garin, ba a taɓa jin wanda ya ce a'a ba. Mairam ta ɗaure fuska.

"Ba ni na yanke shawarar ba, Ya Hajja."

"Ba ke kika yanke ba. Ke kika daɓe."

Mairam ta hau datsin ta tafi ba sallama. Ta yi ta kai da komo a bakin fadama tana shirya amsoshin da ya kamata ta bayar, har aka kira azahar. Ta tsuguna bakin ruwan da aka tare don ta yi alwala, ta ɗebo cikin tafi biyu. Nan wani karatu ya dawo mata, da muryar mahaifinta da yadda yake buga yatsa a kan takarda. In ruwa ɗaya ya ratsa gonakin mutane biyu, na sama ya shayar da gonarsa har ruwa ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. Abin da ya wuce haka ƙwace ne, kuma mai hankali ba ya wanke fuska da ƙwace ya tsaya gaban Allah.

Ta duba gonakin kwari, na Bulama da na manyan gari. Wani mutum na tafe cikinsu, ruwa har gwiwarsa.

Ta buɗe hannu ruwan ya zube. Ta koma tudu, ta bugi ƙasa ta yi taimama. Wasu mata da ke wanki suka ga abin, ɗaya ta ce azumi ya taɓa 'yar Malam, ga ruwa har ruwa tana shafa turɓaya. Mairam ba ta kula su ba. Ta ta da salla, kuma karo na farko cikin shekara huɗu ta ji wa take tsaye gabansa. Ta daɗe a sujada. Ta gaya wa Allah abin da ya riga ya sani, cewa ta yi fushi da ya ɗauke Bakari, ta ce za ta riƙe gidan da hannunta ba sai da shi ba, ga kuma inda hannun ya kai ta. Ba ta roƙi ruwa ba. Ta ji kunyar roƙonsa.

Daga nan ta wuce gonarta ta shiga ciki. Shinkafa ta yi kore shar, ta fara ɗaukar ciki. Ruwa daidai idon sawunta, bai ɗara ba. Ta gane lissafin ba sai an gaya mata ba. Kafin ruwa ya hau tudun nan ya taɓa sawunta, sai ya kai gwiwa a kwari. In datsi ya buɗe, masu kwari za su rage da abin da shari'a ta ba su, ita kuwa za ta rage da busasshiyar ƙasa.

Da magariba suka sha ruwa da kunun ƙanzo. Ta bari yara suka koma gefe, ta zauna kusa da tsohuwa ta gaya mata komai.

"To, sai ki je ki gaya wa Tukur," in ji Barira.

"Ya sani, Inna. Liman ma ya sani. Tare suka yi karatu gaban mahaifina."

"Ke kaɗai ce Musulma a garin ke nan."

"Ni kaɗai aka ce wa ba a yafe ba."

Barira ta lashe ludayi ta ajiye. "In shinkafar ta mutu me za mu ci? Littafi?"

"Bado. Akwai shi a tafki."

"Na ci bado a yunwar da aka yi ina budurwa. Na rantse ba zan ƙara ba." Ta lalubi carbinta. "Yara huɗu kika ce?"

"Huɗu."

"Galmar Bakari na bayan rumbu. Ƙotar ta yi sako-sako, ki jiƙa ta tukuna. Kuma kada ki yi a ɓoye kamar ɓarauniya, gidan nan ba a taɓa yi ba."

Washegari da hantsi maza suka fita filin idi cikin tsofaffin riguna, ba hula mai kyau, ba takalmi. Liman ya yi raka'a biyu, ya yi huɗuba, ya juya rigarsa, kowa ya juya tasa. Aka yi ta addu'a har tsofaffi suka yi hawaye. Sama na nan fes. Hanyar komowa gari ta kan bi ta bakin datsi, nan suka hango mace tsaye a tsakiyarsa, ta ci ɗamara, tana ɗaga galma tana saukewa. Ta riga ta gaya wa matan Ariri su kwashe tulunansu su hau gaɓa.

Jama'a suka ruga. Bulama Tukur bai ruga ba, ya tako a hankali ya tsaya a ƙarshen datsin.

"'Yar Malam, sauko."

"Ranka ya daɗe, tsakanin turakuna nake. Kai ka ce rabon mutum nasa ne."

"Na ce ya gina, ban ce ya rushe ba."

"Ka ce ba mai sa hannu a rabon wani. Kowa ya ji."

Wani magidanci mai suna Inuwa, wanda rabonsa ke jikin nata, ya ce a bar shi ya ɗauko ta kamar buhu. Mairam ta dube shi.

"Malam Inuwa, kai ba ka da laifi da yawa. Naka yoyo yake tun ranar farko, har addu'a ake yi maka a Ariri."

Wasu suka yi dariya ba da son ransu ba. Ta juya wajen Liman, ta rage murya don girmansa, amma yadda kowa zai ji.

"Allah ya gafarta Malam, tambaya nake. In ruwa ɗaya ya ratsa gari biyu, ina iyakar na sama?"

Liman Usman ya dubi ƙasa, ya dubi Bulama. Rigarsa na nan a juye a jikinsa.

"Idon sawu," ya ce.

"Sannan?"

"Sannan ya saki."

"Kwana uku muna mayar da allurai da maburgai. Me ya hana a faɗi wannan?"

"Ba a tambaye ni ba," in ji Liman, muryarsa ƙasa ƙasa.

Bulama ya matso. Ba mugun mutum ba ne, kuma shi ma ya rame.

"Ki saurare ni, Mairam. Rai ɗari uku ke wuyana. Ruwan nan ba ya isar gari biyu. In na sake shi, mu da Ariri duka mu rasa. In na riƙe, rabi su tsira."

"Ranka ya daɗe, wa ya ba ka zaɓen rabin?"

"Gonarki ce za ta fara bushewa. Kin san haka?"

"Na auna jiya."

"Da marayu biyu da makauniya."

"Wanda ya ba ni su ya san da su. Shekara huɗu ina yi kamar ni ke ciyar da su, na gaji da wannan ƙaryar. Ku kun juya riguna kun roƙa, Allah ya karɓa. Ni ba zan iya ɗaga hannu ba wannan abu na tsaye da sunana."

Matasa suka yunƙura, Bulama ya ɗaga hannu ya tsayar da su. Ba zai yarda a ce a gabansa maza sun kokawa da matar mamaci ba, kuma bakinsa ne ya kafa dokar. Ya ce a bar ta, daɓen nan ya fi ƙarfin mace mai azumin kwana uku a jiki, in ta gaji za ta sauko.

Ya kusa yin gaskiya. Abin da ta gina da alfahari ya ƙi ta. Galma na tashi daga lakar kamar daga dutse. Tafinta ya fashe, ta yage gefen zane ta naɗe. Rana ta take tsaka, mutane suka koma inuwa suna kallo, wasu na yi mata ba'a, suna tambaya ko a kawo mata madaɓi. Ta ci gaba da sara. Kowane sara sai ta ce astagfirullah, tun tana faɗa a ɓoye har ta koma faɗa da ƙarfi don ta sami numfashi. Gab da azahar ta kai ga zana, ta sare igiyar, ta rungumi itacen goruba ɗaya ta yi ta girgiza shi har ya tumɓuke.

Ruwan ya fara da siririn zare, ya zama kaurin hannu, sannan laka ta buɗe gaba ɗaya. Ya ɗauke ƙafafunta, ya wurga ta cikin busasshen reshen, ya birkima ta. Matan Ariri ne suka kamo zanenta suka jawo ta gaɓa, bakinta cike da taɓo. Hajja na cikinsu. Ta share mata ido da gefen mayafi, ta ɗauki tulunta ta bi ruwan.

Ɓarakar ta ci rabon Inuwa, ta ci rabin na wancan gefen. Bulama ya kira gayya a toshe, amma maƙogwaron reshe ba ya tosuwa ruwa na gudu, kuma da yawa cikin waɗanda suka ji amsar Liman ba su fito ba. Kwana biyu ana fama aka haƙura.

Gonakin kwari suka rage da ruwa iya sawu. Na gefe suka sha wuya, masu su kuwa ba su yafe mata ba. Ta Mairam kwana uku ta yi ƙasa ta tsage. Kullum da safe sai ta je ta tsaya ta ga yadda koren ke komawa ruwan ɗorawa, ba ta yarda ta kau da kai ba. A gari aka daina amsa gaisuwarta. 'Yarta ta je ɗibar wuta maƙwabta, aka ce wutar ta mutu.

Rana ta goma sha uku hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka ƙara bayan kwana biyu. Shinkafar kwari ta tsira. Mutane suka ce roƙon ruwa ya karɓu, aka kai wa Liman sadaka. Wasu kuma suka ce da ta yi haƙurin kwana goma sha uku da ba wanda ya yi asara. Tata gonar ruwan ya tarar da kara ne kawai.

Bayan girbi Bulama ya aiko Inuwa. Ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama, ya ce an tara zakkar shinkafa, kuma Bulama ya ce akwai rabon gidan Bakari. Abu ɗaya ake so, ta zo gindin kanya ta faɗa gaban jama'a cewa ta yi kuskure, don kada gobe wani ya yi koyi da ita.

Mairam ta fito da ƙwarya a hannu.

"Ka gaya wa Bulama na gaishe shi. Kuskurena na riga na faɗe shi, a kan datsi, kowa na ji. Waɗanda gonarsu ta taɓu saboda ni, zan bi su gida gida in ba su haƙuri, in sun ƙi sun ƙi. Amma ba zan ce na yi nadamar sakin ruwan ba. Zakka kuwa ba kyautarsa ba ce, haƙƙin marayu ne. In ya aiko, ya sauke nauyi. In ya riƙe, ya san wanda zai tambaye shi."

"Taurin kan nan zai kashe ku, 'yar Malam."

"Sai in kwana ya ƙare."

Inuwa ya girgiza kai ya tafi. Daga cikin ɗaki Barira ta ɗaga murya.

"Kin kore shi?"

"Ya tafi da ƙafarsa, Inna."

"To bado ke nan yau ma."

"Bado ne."

"Ki zaɓo manya. Na jiya duk ƙasa ne, haƙori huɗu gare ni, so kike ki ƙarasa su."

Mairam ta kira yaran, ta ɗora wa babbar ƙwarya, ta riƙe hannun ƙaramar, suka bi ta gefen gonarsu suka gangara tafki.